Fantôme: Asalin kalmar da Faransawa ke kiran fatalwa da ita

Idan ka tsaya a unguwar Dawaki, ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Gombe, ka tambayi yaro ko tsoho ma'anar fatalwa, ba za ka sha wahalar samun amsa ba. Za a ce maka mamaci ne da aka binne, amma wani ya rantse ya gan shi tsaye cikin dare, dogo, sanye da fararen kaya kamar likkafani. Ɗan wannan unguwa da ke ƙaramar sakandare kuwa, in ya shiga ajin Faransanci, zai tarar da wata kalma da ake fassara masa da fatalwa, wato fantôme, wadda ake furtawa kamar "fantom". Ƙamus zai ce masa wannan ita ce waccan, shi ke nan. Sai dai kalmomin biyu ba hanya ɗaya suka biyo ba, kuma ba kaya ɗaya suke ɗauke da shi ba. Bambancin nasu yana da amfani ga ɗalibi da mai fassara, har ma da ma'aikacin gwamnati da ke jiran albashi a ƙarshen wata.

Tushenta haske ne

Kalmar fantôme ta samo asali ne daga harshen Girka. A can akwai aikatau phainein, wanda ke nufin haskakawa ko fito da abu fili. Daga gare shi aka sami phantazein, wato sa abu ya bayyana ga ido, daga nan kuma aka sami suna phantasma, ma'ana abin da ya bayyana. A wajen masanin falsafa Aristotal, wanda ya rayu daga 384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), phantasma surar da ke zama a zuciyar mutum ce bayan abin da ya gani ya gushe. Ka dubi doki, ka rufe ido, ka ci gaba da ganinsa a zuci: wannan sura ita ce phantasma. Babu maganar mutuwa a ciki, babu maƙabarta.

Masana tarihin harsuna sun nuna cewa phainein da kalmar Girka ta haske, phos, jijiyarsu ɗaya. Daga phos Turawa suka ƙirƙiro sunan ɗaukar hoto a ƙarni na 19, Bahaushe kuma ya ari guntun kalmar ya mayar da ita "hoto". Ke nan fantôme da hoto dangi ne na nesa, kakansu ɗaya. Dukkansu suna nuna kamannin mutum a inda mutumin ba ya nan.

Rumawa sun ari kalmar zuwa Latin yadda take. Marubuci Pliny Ƙarami, a wata wasiƙa da ya rubuta wajen shekara ta 100 Miladiyya, ya yi amfani da ita sa'ad da yake tambayar abokinsa ko irin waɗannan halittu gaskiya ne ko kuwa tsoro ne ke ƙirƙiro su. Ya ba da labarin wani gida a birnin Atina da ake jin ƙarar sarƙa a cikinsa da dare, har wani masanin falsafa ya bi abin da ya bayyana masa zuwa tsakar gida. Da aka haƙa wurin sai aka tarar da ƙasusuwan mutum ɗaure da sarƙa, aka yi musu jana'iza, gidan ya sami lafiya. Irin wannan labari shi ne har yau masu fim ke maimaitawa.

Kalmar ta shiga littafin addini ma. A Linjila ta Matiyu sura 14 da ta Markus sura 6, inda aka ba da labarin almajirai sun hangi Almasihu yana tafiya a kan ruwa suka firgita, phantasma ce kalmar da ke cikin nassin Girka. Fassarar Faransanci ta sa fantôme, ta Hausa kuwa ta sa fatalwa. Don haka Kiristan Kaltungo ko Billiri da ke karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa ya daɗe da gamuwa da wannan fassara, ko da bai san tarihinta ba.

Harafin da ya mutu ya bar hula

A bakin talakawan daular Rum kalmar ta lanƙwashe, kamar yadda kalmomin aro ke yi a kowane harshe. Zuwa ƙarni na 12 ta bayyana a tsohon Faransanci da siffar fantosme. A wancan zamani ma'anarta ta fi karkata ga ruɗi da yaudarar ido, abin da ake zaton yana nan alhali babu shi. Turancin Ingilishi ya are ta daga nan, ta zama phantom.

Mai lura zai ga wata 'yar alama kamar hula a kan harafin "o" na fantôme. Wannan hula tana da labari. Faransawa sun daina furta harafin "s" a irin waɗannan kalmomi tun da daɗewa, amma suka ci gaba da rubuta shi ɗaruruwan shekaru. Sai a bugu na uku na ƙamusun Cibiyar Harshen Faransanci, Académie française, wanda ya fito a 1740, aka share wannan "s" daga ɗimbin kalmomi, aka ɗora hular a kan wasalin da ke gabansa. Haka hospital ta koma hôpital, forest ta koma forêt. Ingilishi, da ya ari kalmomin tun kafin a yi wannan gyara, ya riƙe "s" ɗinsa, shi ya sa "asibiti" ta Hausa, wadda ta zo ta hanyar Ingilishi, har yau take da shi. Hular da ke kan fantôme alama ce ta harafin da ya mutu amma ya bar shaidar cewa ya taɓa zama a wurin.

Daga baya masu ilimi suka sake komawa Latin suka ɗauko kalmar a karo na biyu, ta zama fantasme, wadda masana halayyar ɗan Adam ke nufin mafarkin ido biyu da ita. Uwa ɗaya ta haifi 'ya'ya biyu a harshe ɗaya, kowanne da aikinsa.

Sauran sunayen

Bafaranshe bai tsaya ga kalma ɗaya ba. Yana da revenant, daga aikatau revenir, dawowa. Revenant shi ne "mai dawowa", kuma wannan ce kalmar da ta fi kusa da abin da Bahaushe ke nufi da fatalwa, domin ita ce ke ɗauke da zancen mutuwa da komowa. Sa'ad da aka fassara wasan kwaikwayon da marubucin ƙasar Norway, Henrik Ibsen, ya wallafa a 1881 zuwa Faransanci, Les Revenants aka sa masa, domin jigonsa shi ne yadda laifin iyaye ke dawowa kan 'ya'ya. A hirar yau da kullum kuma, Bafaranshe kan kira abokin da ya daɗe bai gani ba revenant cikin raha, kamar yadda mu kan ce wa mutum "ashe kana duniya?"

Akwai spectre, daga Latin spectrum, wadda tushenta aikatau ne mai nufin dubawa. Ita ce ake amfani da ita ga abin tsoro da ke tafe, kamar yunwa ko yaƙi. Ita ce kuma masanin kimiyya Isaac Newton ya ara a shekarun 1670 ya sa wa jerin launukan da haske ke rabuwa zuwa gare su in ya ratsa gilashi mai kusurwa uku. Sai esprit, daga Latin spiritus, numfashi ko iska. A nan Bafaranshe da Bahaushe sun yi tarayya ba tare da sun haɗu ba, domin "iskoki" muke kiran halittun da 'yan bori ke hulɗa da su.

Abin lura shi ne, biyu daga cikin waɗannan kalmomi huɗu, fantôme da spectre, a kan gani aka gina su. Harshen yana ba da labarin abin da ido ya gani ne, ya bar tambayar ko abin yana nan da gaske a buɗe.

Yadda Bahaushe ya raba nasa

Hausa ta bi wata hanya dabam. Akwai rai, wanda fitarsa ita ce mutuwa. Akwai ruhi, aro daga Larabci. Akwai kurwa, wadda a tsohon imanin Hausawa take iya barin jiki mutum yana raye, kuma ita ce ake cewa maye na kamawa. Akwai fatalwa, surar wanda ya riga ya mutu. Akwai dodo na tatsuniya da na tsafi, akwai ƙwanƙwamai, akwai iskoki. A.J.N. Tremearne ya rubuta littafi kan bori a 1914, Joseph Greenberg kuma ya wallafa nazarinsa kan Maguzawan ƙasar Kano a 1946, dukkansu sun nuna yadda waɗannan sunaye ke da iyakoki a tsakaninsu. Wanda ya fassara su duka da fantôme ya zuba gero da dawa da maiwa a buhu ɗaya.

Sai babbar kalma, aljani. Daga Larabci al-jinn ta zo, kuma tushenta, haruffan jim da nun da nun, yana nufin rufewa da ɓoyewa. Daga wannan tushe aka sami janna, lambun da itatuwa suka lulluɓe, wadda ta ba mu Aljanna. Daga gare shi aka sami janin, ɗan tayin da ciki ya ɓoye, da majnun, wanda hankalinsa ya rufu. Bahaushe ya fahimci wannan sarai, shi ya sa yake sakaya sunan aljanu da "mutanen ɓoye". Fulatancin da ake ji a Gombe ma daga wannan kalma ta Larabci ya sami ginnaaji.

A nan bambancin ya fito. Fantôme abu ne da ake gani alhali ba ya nan. Aljani kuwa abu ne da yake nan alhali ba a ganinsa. Ɗaya daga bayyana aka samo sunansa, ɗaya daga ɓuya.

Wannan ya sa matsayin fatalwa a ƙasar Hausa yake da rauni in aka gwada shi da na aljani. Samuwar aljanu tana cikin Alƙur'ani, har akwai sura ta 72 mai ɗauke da sunansu. Dawowar mamaci duniya kuwa, ayoyi na 99 da 100 na Suratul Mu'minun sun kore ta, inda aka bayyana cewa akwai shamaki, barzahu, tsakanin wanda ya mutu da komowa har ranar tashi. Saboda haka malamai a gari irin Gombe, masarautar da Modibbo Buba Yero, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa a zamanin jihadin 1804, kan fassara labarin fatalwa da ɗayan abu biyu: ko dai aljani ne ya ɗauki kamannin mamacin, ko kuma tsoro da duhu ne suka yi wa ido wasa. Bayani na biyu shi ne ainihin ma'anar fantosme a ƙarni na 12.

Wani zai iya jin "fa" a farkon fatalwa da fantôme ya ce ai ɗaya daga ɗaya ta fito. Kamancin sauti ba hujja ba ne a ilimin asalin kalmomi. Aro yana da dalili da hanya. Hausar Nijar ta ari lakwal da jandarma da alimeti daga Faransanci domin makarantar boko da ɗan sandan soja da ashana sun zo ne tare da Faransawa. Fatalwa kuwa Bature ya tarar da ita a gida, babu gurbin da fantôme za ta cike.

Daga fitilar Paris zuwa majigi

Akwai wata mahaɗa da ba a cika lura da ita ba. A 1798 wani mutumin Liège mai suna Étienne-Gaspard Robertson ya fara wani wasa a Paris, inda yake amfani da fitila mai gilashi yana haska surorin matattu da kwarangwal a kan labule da hayaƙi cikin ɗaki mai duhu. An kira wasan fantasmagorie, daga tushen da muke magana a kai. Irin wannan fitila, wadda Ingilishi ke kira ta sihiri, ita ce kakar na'urar haska fim. Da Turawan mulkin mallaka suka kawo ta Arewa, daga sunanta na Ingilishi Hausawa suka sami kalmar "majigi". Masanin nan Brian Larkin, a littafinsa na 2008 kan kafofin watsa labarai a Kano, ya kawo cewa an kuma riƙa kiran silima "dodon bango". Mutanen Paris da na Kano, da tazarar fiye da shekara ɗari a tsakaninsu, sun ga mutum yana motsi a bango babu jiki, kowannensu ya nemo sunan abin tsoro ya laƙaba masa.

Adabin Faransa ya ci gaba da juya kalmar. Gaston Leroux ya fitar da Le Fantôme de l'Opéra a matsayin littafi a 1910, kuma fatalwar da ke cikinsa mutum ne mai rai da ke ɓuya a ƙarƙashin gidan wasa. A 1934 Michel Leiris ya wallafa L'Afrique fantôme, littafin tafiyarsa tare da ayarin bincike na Dakar zuwa Jibuti da Marcel Griaule ya jagoranta daga 1931 zuwa 1933, ayarin da ya ratsa Nijar da arewacin Najeriya. Sunan littafin yana nuni da cewa Afirkar da ya zo nema, wadda ya ƙera a zuciyarsa tun yana Paris, ba ita ya tarar ba.

Inda mai fassara ke tuntuɓe

A Faransancin yau, fantôme ta fi yawo a wajen maƙabarta. Likita na cewa membre fantôme ga ƙafa ko hannun da aka yanke amma mai shi yana ci gaba da jin ciwonsa, lamarin da likitan fiɗa Ambroise Paré ya bayyana tun ƙarni na 16. Ɗan siyasa na cewa cabinet fantôme ga majalisar ministocin da 'yan adawa ke kafawa don bin diddigin gwamnati. Ma'aikacin laburare na kiran katin da ake sakawa a gurbin littafin da aka ɗauka fantôme. Garin da mutane suka watse suka bari kuwa ville fantôme ne.

Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da "fatalwa" za ta yi wa daidai. Garin da aka tashi aka bari, Hausa na da sunansa tun fil azal: kufai. Gidan da ya zama haka kango ne. Majalisar 'yan adawa ta "jiran gado" ce ko ta sa ido. Shi kuwa zaman gida na dole da ake yi ranar Litinin a yankunan Kamaru masu magana da Ingilishi tun 2017, wanda Ingilishi ke kira da sunan garin fatalwa, Faransanci bai ce masa fantôme ba, villes mortes yake cewa, wato matattun garuruwa, sunan da ya samo asali daga yajin 'yan adawar ƙasar na 1991. Wanda ya fassara kalma da kalma a nan zai sa mai sauraro ya zaci aljanu ne suka mamaye Bamenda.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce yanzu. A watan Maris na 2025 sabon kundin da hukumomin sojan Nijar suka ƙaddamar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Ma'anarsa ita ce takardun hukuma da na shari'a da na asibiti masu yawa za su buƙaci a juya su daga Faransanci zuwa Hausa. A Najeriya kuma, manufar ilimi ta ƙasa ta 1998 ta ba Faransanci matsayin harshen hukuma na biyu. Masu wannan aiki a ɓangarorin biyu na iyaka suna buƙatar sanin cewa kalma ɗaya ta Faransanci na iya neman kalmomin Hausa biyar.

Fatalwar da ke karɓar albashi

Misalin da ya fi shafar aljihun talaka shi ne na sunayen da ke cikin takardar albashi babu masu su. Jaridun ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci kan kira su fonctionnaires fantômes, Ingilishin Najeriya ma da sunan fatalwa yake kiransu. A watan Fabrairun 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya, ƙarƙashin minista Kemi Adeosun, ta sanar da cire sunaye 23,846 daga jerin masu karɓar albashi bayan tantancewa da lambar BVN, abin da ta ce ya rage kashe naira biliyan 2.29 a kowane wata. Jihohi da dama, har da Gombe, sun bi da nasu aikin tantance ma'aikata ta hanyar ɗaukar hoton yatsa.

Kafofin labaran Hausa ba su ce "ma'aikatan fatalwa" ba. "Ma'aikatan bogi" suka ce, kuma sun fi kowa dacewa. Fatalwa ba ta da asusun banki, ba ta sa hannu a takarda, ba a gurfanar da ita gaban alƙali. In aka kira sunan ƙarya fatalwa, an mayar da sata wani abin al'ajabi da ya faɗo daga sama, an kawar da ido daga mai rai da ya rubuta sunan, da wanda ya amince da shi, da wanda ke cire kuɗin duk wata. "Bogi" kuwa tana nuna cewa ƙirƙira aka yi, kuma duk abin da aka ƙirƙira yana da maƙeri. Malamin firamare a Dawaki da ake ce wa babu kuɗin ƙarin girma, da ɗan fansho da ke jiran haƙƙinsa, sun fi buƙatar kalmar da ke tambayar wane ne ya yi, a kan wadda ke sa a ɗaga kafaɗa a ce abin sai addu'a.

Abin sha'awa shi ne, wannan zaɓi na 'yan jaridar Hausa ya koma daidai kan ma'anar da kalmar ke da ita a Faransa shekara 800 da suka wuce, lokacin da fantosme ke nufin ruɗi da yaudara. Ɗalibin da ya buɗe ƙamus ya ga fantôme a gefe ɗaya, fatalwa a ɗaya gefen, bai yi kuskure ba in ya haddace. Amma ranar da aka miƙa masa takarda aka ce ya fassara, sai ya tsaya ya duba ko mamaci ake nufi, ko kufai, ko ciwon ƙafar da aka yanke, ko kuwa ɓarawon da ke zaune a ofis da rai da lafiya.